Yadda za ka riƙe dashen haƙori ya daɗe: aikin yana wurin dasashi

Aikina wankin haƙori ne a wani asibitin haƙori da ke Kano. Ba ni ke dasawa ba, wannan na likita ne. Nawa aikin daga baya yake zuwa: ni ke leƙa bakin bayan shekara biyu ko biyar, lokacin da ɗokin sabon haƙori ya wuce, mai shi ya daina tsayawa gaban madubi yana yage leɓe. Abin da zan faɗa a nan na mutum biyu ne, wanda ke shirin zuba maƙudan kuɗi a cike masa giɓi, da wanda an riga an yi masa yana so abin ya zauna.

A fara sanin me ake sakawa. Kashi uku ne. Akwai ɗan noti na ƙarfen titaniyom da ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Akwai mahaɗi da ake ɗaurawa a kansa, shi ke ratsa dasashi ya leƙo waje. Sai hular da ido ke gani, mai kamar haƙori. Wani likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura tun 1952, yana bincike a ƙashin zomo, cewa ƙashi yana kama titaniyom har a kasa raba su. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, Gosta Larsson, a birnin Gotenbag, mutumin kuwa ya yi ta tauna da su har ya rasu a 2006. Saboda haka ƙarkon ƙarfen ba abin jayayya ba ne. Nazarce-nazarce da yawa sun nuna sama da 9 cikin 10 suna nan daram bayan shekara 10.

Sai dai kasancewar dashe a baki daban, lafiyarsa daban. A 2015 masu bincike a jami'ar wannan birni na Gotenbag suka tattara sakamakon nazarce-nazarcen da aka yi, suka tarar kusan kashi 43 cikin 100 na masu dashe dasashin da ke kewaye da shi ya kumbura, kusan kashi 22 kuma ciwon ya wuce nama ya fara cin ƙashi. Wato mutum ɗaya cikin biyar.

Ga dalili. Haƙorin da Allah ya halitta ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai siraran zaruruwa da ke riƙe da saiwar, suna tafe da jini, suna kuma kai saƙo, shi ya sa ko 'yar tsakuwa ce a shinkafa nan take za ka ji ta. Zaruruwan dasashi kuma suna kafewa a jikin saiwar su tare hanya. Dashe ba shi da wannan gata. Dasashi kewaye shi kawai yake yi, bai kama shi gam ba, jinin da ke isa wurin ma bai kai na haƙori ba. Kamar bishiya mai saiwa ce da dirkar ƙarfe ta rumfa: gara ba ta cin dirkar, amma in ruwa ya yi ta kwashe ƙasar gindinta, wata rana 'yar iska ce za ta kwantar da ita. Dashe ba ya kogo, ba ya ruɓewa. Ƙwayoyin cutar da ke cikin dauɗar baki su ke kumbura naman, su gangara su cinye ƙashin, kuma sau da yawa ba tare da mutum ya ji zafi ko kaɗan ba.

Kafin a dasa

Tun ran gini ran zane. Tambayi kanka me ya fitar da haƙorin da kake son mayarwa. In faɗuwa ce daga babur, ko kogo ne ya ci shi aka cire, da sauƙi. In kuwa girgiɗi ya yi ta yi har ya fita da kansa, kana goge baki kana tofar da jini shekara da shekaru, to ciwon dasashi gare ka, kuma ƙwayoyin da suka kayar da wancan suna nan a gindin sauran haƙoran, suna jiran sabon wuri. Masu irin wannan tarihi su ne kan gaba wajen samun matsala da dashe. Ba a ce ba za a yi maka ba, amma sai an wanke ƙasan dasashi, an jira jinin ya tsaya, an ga kana iya tsaftace bakin da kanka. Wannan kan ɗauki watanni. Likitan da ya yanka maka farashi bai auna zurfin dasashinka da ɗan tsinken awo ba, bai ɗauki hoton ƙashi ba, yi masa godiya ka tashi.

Mai ciwon suga, kada ka kawo mana sakamakon tsira yatsa na safiyar ranar. Gwajin da ake nema shi ne HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin kusan wata uku. Ana so ya sauka wajen 7, likitoci da yawa kuma in ya haura 8 sai su ce a je a gyara tukuna. Suga mai hawa yana hana rauni warkewa, yana kuma ba ciwon dasashi ƙarfi.

Taba kuwa, sigari ce, shisha ce, ko garin da ake cusawa a leɓe, duk ɗaya a wurina. Mafi ƙarancin abin da ake roƙo shi ne a ajiye ta mako guda kafin aiki da wata biyu bayansa. Mugun halinta shi ne tana tsuke jijiyoyin jini, sai dasashin mashayi ya ƙi zubar da jini alhali ciwo yana ci a ƙasa. Alamar da za ta ankarar da mu ita take ɓoyewa.

Ka zo da duk magungunan da kake sha a leda, a gani da ido. Maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendironet da allurar ƙashi da ake yi wa masu ciwon daji suna iya hana muƙamuƙi warkewa, haka wanda aka taɓa gasa wa wuya ko fuska da na'ura saboda ciwon daji. Amlodifin da nifedifin, waɗanda masu hawan jini da yawa ke sha, suna sa dasashin wasu ya yi kauri ya hau kan haƙori, tsaftacewa ta yi wuya. Maganin tsinka jini ma a faɗa, amma kada ka daina shan sa da kanka. Yaro ko yarinya da ba su kai 18 ba a dakata, domin muƙamuƙi yana girma, dashe kuwa inda aka kafa shi nan zai tsaya.

Jinkiri ma yana da tasa illar. Bayan cire haƙori ƙashin wurin yana motsewa, yana iya rasa kusan rabin faɗinsa cikin shekara guda. Wanda ya bar wawulo shekara goma kada ya yi mamaki in an ce sai an ƙara masa ƙashi kafin a dasa.

Tambayoyi biyu ne nake so kowa ya yi wa likitansa, don kusan ba mai yi. Ta farko: akwai isasshen dasashi mai tauri a wurin? Ja leɓenka ƙasa ka duba madubi, za ka ga nama iri biyu, mai tauri da ke manne da ƙashi kusa da haƙora, da mai laushi da ke motsi in ka ja leɓe. In mai laushin ne kaɗai zai kewaye dashen, buroshi zai riƙa yi maka zafi, kai kuma za ka riƙa kauce wa wurin, dauɗa ta taru. Ana iya ɗebo ɗan nama daga ganɗa a ƙara. Ta biyu: da wani ƙaramin noti na daban za a ɗaura hular ko da siminti? Kowanne yana aiki, amma ni na fi son noti, saboda abin da idona ya gani. Wata Hajiya ta zo da dasashi ya yi suntum kewaye da dashen turminta, ta ce, "'Yata, wallahi safe da dare nake gogewa." Gaskiya ta faɗa, sauran bakin fes. Da aka sa ƙarfe a hankali ƙarƙashin naman sai ga ɗan ɓarɓashin siminti fari, bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙale tun ranar da aka manna hular. Shi ƙwayoyin cuta suka samu suka yi gida. Aka fitar da shi, kumburin ya sauka cikin 'yan makonni, don ƙashi bai riga ya tafi ba.

In a waje za a yi

Mutanenmu da yawa a Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai ake yi musu. Ba ni da ja a kan wannan, akwai ƙwararru a can. Amma kada ka hau jirgi sai da takarda mai ɗauke da sunan kamfanin dashen, samfurinsa, faɗinsa, tsawonsa da ranar da aka saka, tare da hoton ƙashin da aka ɗauka ranar da aka ɗora hula. Kamfanonin suna da yawa, Straumann, Nobel Biocare, Osstem da wasu birjik, kuma sukurudireban wannan ba lallai ya kwance notin wancan ba. Na ga Alhajin da hularsa ta yi sako-sako, aikin minti goma, amma aka yi makonni ana aika hoto ana tambaya ko wa ya gane irin notin. Shi kuwa hoton farko, da shi za a riƙa gwada na kowace shekara. In babu shi, ba mai iya ce maka ƙashin ya sauka ne ko dama haka aka bar shi. A nan gida ma ka nemi takardun nan, ka kuma tabbata likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN.

Makonnin farko

Ranar aiki ka danne audugar da aka sa maka kamar rabin awa. Kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka yi ta tofi, kada ka zuƙi abu da tsinken roba, don gudan jinin da ya toshe wurin shi ne farkon warkewa. Wajen alwala ka sa ruwan a baki ka sunkuya ya zubo da kansa. Ƙanƙara a cikin tsumma a kan kumatu tana rage kumburi, wanda ya fi tashi a rana ta biyu da ta uku. Daga washegari sai ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane abinci. In an rubuta maka ruwan kurkure baki mai kuloheksidin, irin su Corsodyl, yi amfani da shi iya kwanakin da aka ce, yawanci mako biyu. Ya wuce haka yana rina haƙora, yana dusashe ɗanɗano.

Abinci mai laushi wanda ya huce: kunu, fate, tuwo da miyar kuka, dafaffen ƙwai, kindirmo. Tsire, kilishi, ƙuliƙuli, gyaɗa da dambu su jira, masu tauri ne ko masu ɓarɓashin da ke shiga ɗinki. Sauran haƙora kuwa a ci gaba da goge su tun daren farko. In leɓen ƙasa ko haɓa bai farfaɗo daga allurar kashe zafi ba har gari ya waye, kira likita a ranar, kada ka jira ranar cire zare.

Ƙashi yana buƙatar wata uku zuwa shida kafin ya gama kama ƙarfen, na ƙasa ya fi na sama sauri. In kana sa haƙoran roba na wucin gadi, a tabbata ba sa danna wurin.

Gugar kullum

Nan ne dashe ke rayuwa ko ya mutu, kuma nan ne ba wanda zai yi maka.

Buroshi mai laushi, sau biyu a rana, minti biyu. Na dare ya fi muhimmanci, don in an yi barci yawu yana raguwa. Yawancin mutane farin haƙorin suke dirza, wurin da ba ya buƙata. Inda ake nema shi ne layin da hula ta haɗu da dasashi. Karkata buroshin bakin gashinsa ya kalli naman, ka riƙa ɗan jijjiga shi a wurin, ciki da waje. Ɓangaren harshe shi aka fi mantawa, a nan nake tarar da dauɗa ta daskare. Buroshin da gashinsa ya baje ya gama aiki, kusan duk wata uku a sake.

Buroshi kaɗai bai isa ba. Notin da ke ƙasa siriri ne, hular turmi kuwa faffaɗa, saboda haka ƙarƙashin hular akwai lungu ta kowane gefe wanda haƙorin asali ba shi da irinsa. Abin da ke shiga nan shi ne ɗan mitsitsin buroshin tsakanin haƙora. Girma-girma ne, kowanne da launinsa, a bar mai wankin haƙori ya gwada maka wanda ya dace: ya shiga da ɗan matsi kaɗan, ba da tilas ba, ba kuma yana lilo ba. Nemi wanda wayarsa ke lulluɓe da roba don kada ta karce ƙarfen. Tura shi ka jawo sau uku ko huɗu ta kowane gefe, sau ɗaya a rana. In ka sunsuna shi ka ji wari, ka san wurin da aikinka yake.

Inda ya matse sosai sai zaren sakace. Zagaya shi jikin dashen, ka sauke shi a hankali ƙarƙashin naman, ka goga sama da ƙasa. In zaren yana tsinkewa ko yana fitowa a tsattsage, daina, ka zo a duba, don zaren da ya maƙale a ƙasa shi kansa yana jawo kumburi. Mai haƙora uku ko huɗu a haɗe kan dashe biyu yana buƙatar zare mai taurin baki da ake zurawa ta ƙarƙashi, ko na'urar fesa ruwa. Na'urar tana taimako ƙwarai ga dattawan da hannunsu ke rawa.

Aswaki fa? Kullum sai an tambaye ni. Ban ce a bari ba, sunna ce, kuma yana wanke fuskar haƙora da kyau. A yanke bakinsa a kai a kai, a jiƙa ya yi laushi, a bi wurin dashen a hankali, a kurkure bayan an gama saboda zaruruwan da ke karyewa. Amma aswaki ba ya shiga lungun da na faɗa. Gawayi, toka da gishiri tsura kuwa a raba su da bakin da ke da dashe, suna kankare ƙyallin hular, wuri mai kaushi kuma shi dauɗa ta fi kamawa. Tsinken tsintsiya, ashana, fil da allura duk suna tura naman baya, naman da ya ja baya a jikin dashe kuwa ba kasafai yake dawowa ba.

Mai cin goro ya kurkure baki bayan ya gama, ya bi da ɗan buroshin nan, tukar goro tana son lungu. Da azumi baki yana bushewa, a goge sosai bayan sahur da kafin kwanciya.

Sai abin da ake taunawa. Tunda dashe ba ya jin nauyi kamar haƙori, za ka iya danna shi fiye da kima ba ka sani ba. Fasa ƙashi don ɓargo, goruba, busasshiyar aya, ɓare rake, ƙanƙara, buɗe kwalbar lemo, waɗannan su ke fasa hula ko kwance noti. Wanda matarsa ta ce yana cizon haƙora cikin barci ya faɗa wa likita a yi masa robar da ake sawa da dare.

Alamun da ba a jira da su

Littattafai suna cewa a duba ko dasashi ya yi ja. Namu dasashin sau da yawa duhu gare shi, jan ba ya fitowa sosai. Jini shi ne ma'auni. In ka goge ko ka sa ɗan buroshi ka ga jini a wurin dashe, wannan kumburi ne. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a daina taɓa wurin wai don ya warke. A'a, a ƙara tsaftace shi a hankali. In mako biyu ya wuce jinin bai tsaya ba, a zo. A wannan mataki ciwon a nama yake kawai, ana wankewa ya koma lafiya lau.

In ya gangara ƙashi labari ya canja. Za ka ga mugunya in ka danna naman da yatsa, ko ɗanɗano mara daɗi da wari daga wuri ɗaya, ko hular ta yi kamar ta ƙara tsawo, ko duhun ƙarfe ya fara leƙowa. Wanki kaɗai sau da yawa ba ya isa a nan, sai an buɗe naman an kankare jikin notin, ƙashin da ya tafi kuma da wuya ya dawo duka. Ciwon kuma yana gudu fiye da ciwon dasashin haƙorin asali. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai zuwa kemis ya sayi Flagyl da Ampiclox. Kumburin zai lafa, ya ce ya warke, bayan wata biyu ya dawo, a sake saye. Ƙwayoyin a manne suke da ƙarfe, magani ba ya ɓamɓare su, sai hannu. Kowane zagaye na wannan wasa ƙashi ne ke tafiya.

Dawowa asibiti

Duk wata shida ga mai lafiyayyen baki, duk wata uku ko huɗu ga mai tarihin ciwon dasashi, mai suga ko mai shan taba. Wani nazari da aka yi a Birazil, aka wallafa a 2012, ya bi masu kumburin dasashin dashe tsawon shekara 5. Cikin masu zuwa dubawa a kai a kai, kashi 18 cikin 100 ne ciwon ya kai ƙashi. Cikin waɗanda ba sa zuwa, kusan kashi 44. Kuɗin wanki sau biyu a shekara bai kama ƙafar kuɗin sabon dashe ba, balle a ce sai an ƙara ƙashi.

In ka zauna a kujera, faɗa wa mai wankin cewa kana da dashe, ka nuna wurin, don hula mai kyau tana iya ruɗar ido. Akwai kayan wanki na musamman da ba sa karce titaniyom. A auna zurfin naman a rubuta, a duba jini, a gwada cizo, a ɗauki hoto in lokacinsa ya yi ko in an ga canji. Mai juna biyu kada ta fasa zuwa, dasashi ya fi saurin kumbura a lokacin, wanki kuma ba ya cutar da ciki.

In wata rana ka ji abin yana motsi, daina tauna ta wannan gefen nan take, ka nemi likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Yawanci ɗan notin da ke riƙe hular ne ya kwance, a ɗaure a sallame ka, amma in ka ci gaba da tauna a kansa yana iya karyewa a ciki, fitar da guntun kuwa aiki ne ja. In ƙarfen da ke cikin ƙashi ne da kansa ke girgiɗi, wannan sai cirewa, a bar wurin ya warke, a duba ko za a sake. Hular da ta faɗo gaba ɗaya kada a mayar da ita da sufa gulu. A wanke ta, a sa a 'yar leda, a zo da ita tare da takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin.